Araha Ba Ta Ado: Maganar Fentin 'Yan Kwangila

 Yau a kan fenti zan yi magana, kuma da kaina zan fara.

Bara kafin Sallah ƙarama muka tara kuɗi don shafe masallacinmu na unguwa. Ni aka ɗora wa sayen kaya, wai don ni ɗan kasuwa ne. Mai shago ya nuna mini bokiti biyu, kowane lita 20. Ya ce, "Malam, wannan na masu gida ne, wannan kuwa na 'yan kwangila ne, rabin kuɗi, duk abu ɗaya ne." Na ɗauki mai arahar ina murna. Sai da aka yi shafi huɗu kafin siminti ya ɓuya. Ranar Juma'a dattawa suka jingina da bango suka tashi da fari a bayan riguna kamar sun kwana a injin niƙa. Kafin watan Agusta ya fita, bangon da ke fuskantar ruwa ya koma yadda yake.

To, ba abu ɗaya ba ne. Fentin ruwa haɗi ne na launi mai rufe bango, da gam mai riƙe shi, da alli mai cika bokiti, sai ruwa. Farin launin nan da ake kira titaniyam da gam ɗin su ne masu tsada, kuma yawanci daga waje ake shigo da su. Tun da aka saki naira a 2023 kuɗinsu ya yi sama. Wanda yake son ya karya farashi ba shi da dabara sai ya rage su ya ƙara alli da ruwa. Allin nan shi ne ya hau rigunan dattawanmu.

A nan ne ake rikita mu da suna. Akwai sari na gaskiya: fenti iri ɗaya, amma bokitin lita 20 ya fi galan biyar na lita 4 sauƙi, kuma wanda ya ɗauki goma a kasuwar kayan gini ta hanyar Bukur dole a yi masa ragi. Wannan halal ne, haka muke yi a kowace haja. A Ingila ma fentin masu sana'a shi ne mai kauri, mai rufe bango da wuri. Mu kuwa a nan mun juya sunan, ya zama fentin wanda zai miƙa makulli ya karɓi kuɗinsa ya tafi kafin damina.

Wani zai ce, Malam, talaka fa? Ni ma talakan nake karewa. Wanda ya sayi bokiti huɗu a rabin kuɗi maimakon biyu masu kyau bai rage ko kwabo ba. Ya biya mai fenti ladan kwana biyu na ƙari, kuma baɗi zai sake. Jos ba Kano ba ce. Ruwanmu yana farawa tun Afrilu har Oktoba, wani lokaci da ƙanƙara. Mai araha yana iya zama a silin ko ɗakin ajiya, amma bangon waje ba wurinsa ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne algus. Akwai masu sayen tsofaffin bokitan manyan kamfanoni su ɗura haɗin bayan gida. Akwai mai fentin da zai karɓi kuɗin mai kyau ya sayo na banza ya riƙe canji. 'Yan uwana 'yan kasuwa, mun san labarin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, Manzon Allah (SAW) ya sa hannu ya gano, ya kuma tsawatar masa. Sayar da mai araha ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka ce duk ɗaya ne alhali ka san ba haka ba.

Saboda haka, maigida, je ka sayo da kanka. Duba hatimin murfi da alamar hukumar SON. Tambayi shafi nawa zai rufe bango, ba nawa ne bokiti kawai ba. In da hali, gwada galan ɗaya a kusurwa, bari ya bushe, ka goga da jiƙaƙƙen tsumma. Idan fari ya biyo tsumman, ka sami amsarka.

Bana za mu sake shafe masallaci, kuma rabin kuɗin daga aljihuna zai fito, don ni na yi kuskuren. Allah Ya sa mu dace.