Faston Ƙauye da Kasuwar Wa'azi

Duk wanda ya bi babbar hanya daga Ƙwanni zuwa Madawa ya san Galmi da abu biyu: albasa da asibiti. Asibitin nan da mishan ta SIM ta buɗe a 1950 ya yi wa Kiristanci suna a ƙasar Adar fiye da kowane wa'azi, domin mutanen Buza da Kaita sun san ƴan mishan ta hannun likita tun kafin su ji bakin mai bishara. A wannan inuwa ce ƙananan ikilisiyoyin karkara suka zauna lafiya shekara da shekaru, a ƙasar da Kiristocinta ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Faston irin wannan majami'a manomi ne kamar kowa. Da Hausa ya yi karatun tauhidinsa, albarkacin Littafi Mai Tsarki da aka fassara tun 1932, kuma sau da yawa da damin hatsi ake ba shi baiko. Abin da ke hana shi barci yau shi ne abin da masana a Turai suka laƙaba wa suna zamanin bayan zamani, wato lokacin da, kamar yadda Bafaranshe Jean-François Lyotard ya bayyana a 1979, mutane suka daina amincewa da babban bayani guda da ya ɗaure rayuwa, kowa ya kama gaskiyarsa. A Turai abin ya kwashe mutane daga majami'u. A Adar kuwa babu mai shakkar Allah. Masu magana da sunansa ne suka yi yawa.

Idan mai karatu bai manta ba, Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar kafa jam'iyyu da ƙungiyoyi, addini ma ya bi ta ƙofar. A daidai shekarun nan ne ikilisiyar EERN, magajiyar mishan, ta dare, sababbin majami'u masu kiɗa da addu'ar warkarwa kuma suka yi ta ɓullowa. Ƙofa ta biyu ita ce bida. Saurayi ya tafi Abijan ko Legas bayan girbi, ya komo da salula cike da wa'azin da ke cewa talauci la'ana ce, wanda ya ba da kuɗi ga bawan Allah zai girbi ninki. Ranar Lahadi yana zaune a bencin baya yana auna maganar fasto kamar mai taya haja a kasuwar Madawa. Limamin garin ma ya san wannan ciwo tun da Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta ƙetaro iyaka.

A nan faston yake da gaskiya. Yana tambayar kansa da wane baki zai gaya wa gwauruwar da fari ya ƙone mata gero cewa ƙarancin bangaskiya ne ya kwashe mata rumbu. Mutanen da suka ga 1984 da 2005, matan Kaita da suka yi dakon duwatsu a ka suna tare zaizayar ƙasa don a biya su da abinci, ba ragwaye ba ne, ba kuma la'anannu ba. Tauhidin da bai bar wa Ayuba wuri ba, haja ce da aka ɗinka wa mai shago a birni, wanda ko yaya damina ta kasance ciniki zai yi.

Sai kuma zaman tare. Mai wa'azin lasifika baƙo ne, raɓa ne, gobe ya wuce. Faston shi ne zai ɗebi ruwa a rijiya ɗaya da maƙwabta, ya je musu suna da gaisuwar mutuwa. Bai manta da ƙona majami'ar Vie Abondante a Maraɗi a Nuwamban 2000 ba, balle na Damagaram da Yamai a Janairun 2015. Masu kunna wutar ba su da uzuri ko kaɗan, amma wanda ke kwana a ɗakin kara dole ya fi kowa lura da inda ake hura garwashi.

Sai dai faston ma yana da nasa laifin gado. Mishan ta daɗe tana ɗari-ɗari da zurfin karatun boko da harkar siyasa, ta kuma koya wa mabiyanta a ji a bi. Saurayin da ke tambaya ba ɗan tawaye ba ne, kuma haramta masa salula ba amsa ba ce. Da rani ma, in maza sun watse bida, zumuntar mata ce ke riƙe da majami'ar, amma da wuya a nemi shawararsu kan kuɗin baiko, balle a karanta lissafinsa a bainar jama'a.

Ƴan kasuwa da ma'aikatan da suka fito daga waɗannan ƙauyuka su ne ke zuba kuɗi ana ɗaga manyan gine-gine a Yamai da Maraɗi. Faston da ya yi musu baftisma kuwa, har yanzu kuɗin motar zuwa taron ƙara ilimi a Tawa sai ya sayar da akuya.