Masassarar damina: abin da ake tsallakewa idan aka sayi magani a tebur

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, gidajen likita na Maraɗi, Damagaram da Tawa kan cika da yara masu masassara, lokacin da cizon sauro ke haɗuwa da tamowa saboda rumbu ya yi ƙasa. A shekarar 2018, ƙungiyar likitocin MSF ta ba da rahoton cewa a asibitin Magariya kaɗai ana rasa yara kusan 10 kowace rana a tsakiyar damina. Amma tun kafin uwa ta kai ɗanta CSI, sau da yawa ta riga ta biya wurin mai tallar magani, ta karɓo ƙwayoyi uku ko huɗu a ƙulle cikin leda.

Mahawarar da aka saba yi ita ce ta jabun magani, kuma tana da tushe. A 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Nijar ta ga jabun allurar rigakafin sanƙarau a 1995, ta sake gani a 2019, kuma tana cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Lome ta 2020 kan yaƙi da wannan fatauci. Sai dai ko maganin tebur na ƙwarai ne, akwai abin da mai tebur ba ya sayarwa, wato binciken da ma'aikacin jinya ke yi kafin ya rubuta takarda.

A CSI, kafin a ba yaro komai, ana ɗora shi a sikeli. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem da nauyi ake ba da shi: ƙwaya 1 ga mai kilo 5 zuwa 14, ƙwaya 2 ga mai kilo 15 zuwa 24, haka har ƙwaya 4 ga mai kilo 35 zuwa sama, sau biyu a rana har kwana uku. Yaro mai shekara uku da tamowa ta ci na iya yin nauyin ɗan shekara ɗaya, don haka ƙiyasi da ido kuskure ne. Wanda ya sha na yini ɗaya ya bari don jiki ya yi sanyi, ya bar ƙwayar cutar a jininsa.

Sannan a ɗiga jini daga yatsa a yi gwajin gaggawa, TDR, wanda ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20. Nan ne ake yawan samun saɓani da iyaye, domin idan gwajin ya nuna babu cutar, wasu na ganin likita ya hana su magani. Alhali zafin jiki na iya zama ciwon huhu, ko sanƙarau, ko ciwon kunne. Shi ya sa ma'aikacin jinya ke ƙirga numfashi na minti ɗaya cur: 50 ko fiye ga jaririn wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta ciwon huhu. Yana duba tafin hannu da cikin fatar ido don ƙarancin jini, ya auna damtse da ɗan zaren nan mai launi, wanda ja ke nufin ƙasa da milimita 115.

Akwai alamomin da ba a jira da su: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya sha, yana jijjiga, ko ya yi lis ba ya farkawa. Irin wannan ba na ƙwaya ba ne, allurar artesunate yake buƙata da gadon asibiti, a daren ba sai gari ya waye ba.

Ba za a ɗora laifin duka a kan iyaye ba. Tun 2006 doka ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma jinkirin biyan gidajen likita kuɗaɗensu ya sha barin kantar magani wayam, sai a miƙa wa uwa takarda ta je farmasi. Ga nisa, ga layi, ga ma'aikaci ɗaya da mutum barkatai a gabansa. A irin wannan hali shi ma yana iya tsallake sikeli, kuma a ganina nan ya kamata ma'aikatar kiwon lafiya ta fi sa ido, domin ƙarin ma'aikata a watannin damina zai yi tasirin da ƙona jabun magani a gaban kyamara ba zai yi ba.

'Yan ci-rani da ke Aljeriya, Libiya ko Abijan su ma suna da hannu a ciki, tunda sau da yawa kuɗin maganin daga wurinsu yake fitowa. Maimakon saƙon murya na "a sayo masa allura", tambayoyi uku sun fi amfani: an auna nauyinsa, an yi masa gwajin jini, kuma ya sha maganin rigakafi na CPS da ake rabawa gida-gida kowane wata, har da ƙwayoyin kwana na biyu da na uku da ake bar wa uwa a hannu?