Ladan Kuturu: Kuɗin Kamfanoni da Ƙuri'ar Talaka

Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duk ɗan takarar da ya karɓi kuɗin kamfani don yaƙin neman zaɓe, bashi ya ci. Kuma daga baitulmalin jama'a zai biya, ta hanyar kwangila da yafe haraji da lasisin shigo da kaya.

Ba rashin doka ne ciwonmu ba. Sashe na 221 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana duk ƙungiyar da ba jam'iyya ba zuba kuɗi a asusun jam'iyya ko na ɗan takara. Dokar kamfanoni ta 1990, da wadda ta gaje ta a 2020, sun haramta wa kamfani ba jam'iyya gudummawa. Amma a Disamba 2014, a liyafa guda a Abuja, attajirai da gwamnoni suka yi wa PDP da takarar Jonathan alkawarin sama da naira biliyan 21, alhali dokar zaɓe ta 2010 ta ƙayyade wa ɗan takarar shugaban ƙasa biliyan 1 kacal. Wa aka gurfanar? A 2022 kuwa, APC ta sayar da fom ɗin wannan takara naira miliyan 100. Ma'aikacin da ke ɗaukar mafi ƙarancin albashi na lokacin, naira 30,000, sai ya shekara fiye da 270 bai ci ba bai sha ba kafin ya saya!

Mu Kanawa mun san akwai wata hanya. A 1979, 'yan kasuwar Kurmi da marinan Ƙofar Mata da sauran talakawa suka bi Malam Aminu Kano na Gwammaja, PRP ta kayar da NPN da attajiranta. Abubakar Rimi na hawa ya soke haraji da jangali, domin talaka ne ke binsa bashi.

Saboda haka mu matsa wa INEC ta buga sunan duk wanda ya ba jam'iyya kuɗi, a kuma hukunta wanda ya ƙetare iyaka. Sa'an nan mu shiga lungunan Dala da Yakasai, mu faɗa wa iyayenmu cewa taliya da sabulun daren zaɓe, kuɗin maganin asibitinsu ne na shekara huɗu.