Rigar Fata Ta Masu Babur: Wankinta Da Adaninta

A cikin takardun da suka iso wannan fili a makon jiya akwai ta wani ɗan'uwa daga Fanshekara, ma'aikaci a masana'antun Chalawa. Ya ce ya sayi rigar fata irin ta masu hawan babur, da ta yi dauɗa ya ba mai wanki, aka jiƙa ta da garin sabulu, aka shanya a tsakiyar rana, ta komo masa a ƙandare kamar ganda. Yana tambaya ko da sauran dabara. To, Malam, in ba ta tsattsage ba, mai zai sassauta ta kaɗan, amma ba za ta koma yadda ta ke dā ba, sai haƙuri. Da ya ke kuwa rigunan nan sun yawaita a hanyoyin Chalawa da Sharaɗa da Bompai, balle da sanyin asuba, na ga ya kamata in faɗaɗa amsar domin amfanin saura.

Rigar nan ba domin ado kaɗai aka yi ta ba. A shekarar 1928 wani maɗinki a birnin Niyok na Amurka, Irving Schott, ya fitar da samfurin da ya sa wa suna Perfecto, mai zif a karkace, kuma har yanzu ana kwaikwayonsa. Aikinta ta tare iska, ran da tsautsayi ya gitta kuma ita za ta gogi kwalta maimakon fatar mai ita. A watan Janairu na 2013 Gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur, amma ba ta hana mutum hawan nasa ba, ga akawuna da malaman makaranta da leburori nan suna sammako a kai kullum. Rigar da ta bushe ta ƙandare kuwa, ran faɗuwa sai ta yage a kafaɗa da gwiwar hannu, watau daidai inda a ke bukatarta.

Wani zai ce, mu mutanen Kano za a koya wa fata? Gaskiya ne, majemanmu sun daɗe suna jima da bagaruwa, kuma fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ta ƙetare Sahara a bayan raƙuma har Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko, alhali kuwa da yawa daga nan ta tashi. Amma wannan sanin shi ke ruɗin mutane da yawa, gama jima iri biyu ce. Fatar da baduku ke yin kube da taiki da linzami da ita, jimar bagaruwa ce, tana shan mai, in ta sha ta yi laushi ta yi duhu. Rigar babur kuwa galibi jimar gishirin kurom ce, dabarar da wani Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884, wadda ita ce mafi yawan masana'antun duniya ke bi. Wanda ya taɓa leƙa majemun Chalawa ya ga yadda abin ya ke: a zuba fatu cikin manyan ganguna masu juyawa, su fito shuɗi-shuɗi da danshinsu, sa'an nan a rina, a ɗura musu mai tun suna cikin ganga har ya ratsa tsakanin jijiyoyin fatar, daga baya a fesa wa fuskar wani ɗan siririn shafe mai ƙyalli. Laushin riga duka daga man nan na ciki ya ke. Garin sabulu yana wanke shi, zafin rana da dutsen guga suna ƙona shi, fetur da kananzir suna narkar da shi har da launi. Man gyaɗa ko man shanu kuwa, in aka lafta a bisa shafen, ba ya shiga sosai. Sai ya zauna ya kama ƙura, ya yi ɗoyi, ya gayyato kiyashi da ɓera.

Saboda haka wankinta gajere ne. A fara kakkaɓe ƙura da busasshen tsumma mai laushi, gama ƙura in ta haɗu da ruwa ta zama taɓo, ana gogawa tana kankare fuskar fata. Sa'an nan a sami ruwa mai ɗumi-ɗumi, a ɗiga masa sabulu marar kaifi, irin na wankan jarirai, a tsoma tsumma a matse shi sarai, a riƙa shafawa a hankali. A fi ba da ƙarfi ga wuya da bakin hannu, domin nan gishirin gumi ke taruwa, shi ne kuwa ke fara cinye fata. A bi da tsumman ruwa zalla, a rataye a inuwa inda iska ke ratsawa. Shafin ciki, wanda shi ne ainihin mai wari, sai a juya rigar a goge shi shi kaɗai, ba tare da an jiƙa fatar ba.

Shekararmu tana da maƙiyan fata guda biyu, kowane da nasa hali. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska na tsotse danshi. Abin da ta ke yi wa leɓe da dunduniya shi ta ke yi wa riga. Kafin sanyi ya kankama, a nemi man da aka yi musamman domin rigar fata ko kujerar fata, marar launi, a gwada shi a wani lungu na ciki a ga ko zai sāke launi, sa'an nan a shafa kaɗan da tsumma, a bari ya kwana, a goge ragowar. Sau biyu a shekara ya isa mafi yawan riguna. Man takalmi mai launi kuwa kada a kusance shi, sai fa in mutum yana so ya rina farar rigarsa ta ciki.

Da damina, musamman a watan Agusta, fumfuna ce abin tsoro. In ruwa ya duki mutum a hanya, kada ya kai rigar kusa da murhu ko ya ɗora ta a kan injin babur mai zafi, ya bar ta ta sha iska ko da za ta kwana biyu. In fumfuna ta riga ta fito, a fitar da rigar waje, a goge da ruwan kal da aka sirka da ruwa rabi da rabi, a bar ta ta bushe kafin a shafa mai. Kuma kada a ƙulle ta cikin leda a tura ƙarƙashin gado. Abin dariya, kalmar leda ma daga sunan fata na Turanci muka aro ta, ga shi ita ce ke hana fata numfashi. Maratayi mai faɗin kafaɗa ya fi, ƙusar bango kuwa tana fitar mata da tozo a wuya wanda ba ya komawa.

Masu sayen gwanjo a Ƙofar Wambai su lura, ba kowace baƙar riga mai ƙyalli ce fata ba. A duba bayan fatar ta wajen aljihu ko inda shafi ya ɓalle: ta gaskiya bayanta kaushi-kaushi ne mai ɗan gashi, ta roba kuwa yadi ne aka manna mata. Ta roba ba ta shan mai, in ta fara saɓulewa ba ta da magani, a kan kwalta kuma ba ta da wani kirki.

Zif in ya fara cijewa a goga masa kyandir. Zare kan mutu kafin fata, saboda haka duk wata a ja ɗinkin kafaɗa da na hammata a gani, musamman bayan faɗuwa ko da ƙarama ce. In ya saki, a kai wa baduku a Kasuwar Kurmi, ya bi tsofaffin hudojin da zare mai ƙarfi, gama keken tela na yadi sababbin huda zai yi kusa da kusa, fatar ta yage a kan layin.

Haza wassalam.

Naku,
Akawu, Chalawa.