Zauren Malam: Sandar Ado, Kada A Kai Ta Maƙera

A wannan wata zancenmu a kan sanda ne. Ba gorar makiyayi ba, ba kuma kulkin ɗan doka ba, a'a, sandar ado irin ta dā, mai kan zinariya ko azurfa, wadda har yanzu akan tsinta a ƙasan akwatin tsofaffi a zangunanmu, ko a rumfar 'yan'uwanmu masu sayar da kayan tarihi a Ankara da Kumasi.

Riƙon sanda don girma tsohon abu ne. Da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar a 1922, an sami sanduna wajen 130 a ciki, waɗansu da adon zinariya. Amma a Turai ne abin ya zama yayi sosai, a ƙarni na 18 da na 19, lokacin da babban mutum a Faransa ko Ingila ba ya fita ba sanda a hannu, ko da ƙafarsa lafiya lau take. Jikin sandar akan yi shi da wani kara mai ƙarfi da ake kawowa daga wajen Malaka, ko da baƙin itace. Kan sandar kuwa, nan maƙeran farfaru ke baje gwanintarsu.

Adon da ya fi jan ido shi ne wanda Turawa ke kira inamel. Duk wanda ya san langa da kwanukan jeren amare ya san ɗan'uwansa, don ba fenti ba ne, gilashi ne. Akan niƙa gilashi mai launi ya yi laushi, a shimfiɗa a kan zinariya ko azurfa, a sa a wuta mai zafin digiri 800 ko kusa da haka, har ya narke ya kama ƙarfen. A fitar, a ƙara wani shafin, a mayar wuta, sau da yawa, sa'an nan a goge. Kafin a shafa, akan zana ƙarfen da inji, zane siri-siri kamar igiyar ruwa, yadda in haske ya ratsa gilashin sai a ga zanen yana wasa a ƙasa. Wuta ta ɗan zarce, aikin kwana da kwanaki ya tashi a banza. Gidan da ya yi fice a wannan sana'a shi ne na Fabergé a birnin San Fitasbag na Rasha, wanda aka rufe a 1918 bayan juyin juya hali. Mai gidan ya rasu a 1920, amma kawunan sandunansa har gobe ana rububinsu a gwanjon Turai.

To, ina ruwanmu da wannan? Da ruwanmu. Turawan da suka yi ciniki a bakin tekun ƙasar nan sun riƙa bai wa sarakuna sanduna masu kan azurfa, manzon sarki ya riƙe don a san da bakin wa yake magana. Masana sun ce daga nan ne sandar okyeame, wato mai magana da yawun sarki a ƙasar Akan, ta ɗauki siffar da muka sani a ƙarshen ƙarni na 19: itace sassaƙaƙƙe, an lulluɓe shi da fallen zinariya, da karin magana a bisa kansa. Akwai mai hannu riƙe da ƙwai, ma'ana mulki kamar ƙwai yake, ka matse ya fashe, ka sake ya faɗi. Haka kuma a ƙasar Hausa, bayan Ingilishi sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sai da sandar girma suke tabbatar da sarki, mai daraja ta ɗaya tasa da kan azurfa.

Abin da ke damuna shi ne, in tsoho ya kwanta dama, magada sukan ɗauki irin wannan sanda su kai wa maƙeri, ya ɓalle kan, ya aza a sikeli, ya biya kuɗin nauyi. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Zinariyar da ke kan sanda ba ta da yawa, sau da dama falle ne kawai. Darajar tana ga aikin, da shekarun, da sanin hannun da ya riƙe ta, kuma wuta ba ta barin ko ɗaya daga cikinsu.

Saboda haka ga shawara. Da farko a duba hatimi a wuyan sandar. Lamba 750 tana nufin zinariya karat 18. Kan gaggafa hatimin Faransa ne tun 1838. Kan damisa na Landan ne, anga ta jirgin ruwa ta Bamingam. A tsohon aikin Rasha, lamba 56 daidai take da karat 14. Amma a sani hatimi ma ana yin jabunsa, don haka a nuna wa masani fiye da ɗaya. Na biyu, kada a dirje ta da toka ko yashi kamar tukunya, ƙyalle mai laushi ya isa. Na uku, in kan na hauren giwa ne, tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, mai ƙetare iyaka da shi ba takarda yana neman wa kansa rigima. Na huɗu, tun dattawan gida na da rai a tambaye su: ta wace ce, wa ya ba shi, a wace shekara? A rubuta a ajiye tare da sandar.

Mu yi koyi da abin da ya sami maƙwabtanmu. Kayan zinariyar da sojan Ingila suka kwashe daga fadar Kumasi a 1874, sai a 2024 waɗansunsu suka dawo Manhyia, bayan shekara 150, kuma waɗanda suka fito daga Landan aro aka ba da su. In fada mai ƙarfi ta sha wannan jira, ina ga talaka da ya sayar da hannunsa? Wanda bukata ta matsa wa ya sayar, ba laifi, amma ya sayar da ita sanda, kada ya sayar da ita narkakken ƙarfe.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.