Hotunan Shehunnai: Baje Kolin Da Ke Gabanmu Kullum

Duk wanda ya hau mota daga Kazaure zuwa Roni ko Gwiwa, ko ya shiga kasuwar Babura, ya san fuskokin nan. Shehu Ibrahim Inyass a gilashin bayan bas, Shehu Ahmadu Tijjani a kalandar shagon tela, Malam Nasiru Kabara a jikin adaidaita sahu. Sabo ya sa mun daina kallonsu. A ganina wannan shi ne fasahar zane mafi yawa a yankinmu, kuma ya kamata ƙungiyar ɗalibai ta shirya masa baje koli a cikin makarantar nan.

Wasu sun riga mu. A shekarar 2003, gidan tarihi na Fowler da ke Jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles ya yi babban baje koli kan zane-zanen Sufaye na ƙasar Sanagal. Jigon abin shi ne Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa ɗarikar Muridiyya, wanda Faransawa suka kai gudun hijirar dole Gabon a 1895, ya kuma rasu a 1927. Akwai wani hotonsa da aka ɗauka a 1913, yana tsaye cikin farar riga, mayafi ya rufe masa rabin fuska. Daga wannan hoto masu zanen Dakar suka yi ta zana shi a bango, a gilashi, a jikin motocin haya, kowa da irin hannunsa. Turawa suka kwashi wannan aiki suka rataye, malaman jami'a suka rubuta littafi a kai.

To mu fa? Alaƙarmu da Sanagal ba ta yau ba ce. Tun haɗuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Shehu Inyass a aikin hajjin 1937 mutanenmu ke zuwa Kaulaha, hotunan Shehu kuma suka bazu daga Kano zuwa ƙauyukanmu. Direban da ya manna hoton a motarsa yana faɗa maka ɗarikarsa da wanda yake ƙauna, ba tare da ya buɗe baki ba. Mai fentin da ya ƙara haske kewaye da rawanin, ko ya sa kore a bayan hoton, yana ƙoƙarin zana abin da ido ba ya gani, wato albarka da kusanci da Allah kamar yadda muridi ke ji a zuciyarsa. Ko ka yarda da aƙidar ko ba ka yarda ba, akwai tunani a cikin aikin.

Na san abin da wasu 'yan uwa za su ce: zanen mai rai haramun ne, kuma girmama hoto hanya ce ta shirka. Wannan magana ba ta raini ba ce, malamai da dama sun tafi a kai, kuma tun kafa Izala a Jos a 1978 ake wannan muhawara a masallatanmu. Amma malaman sun saɓa kan hukuncin hoto, baje koli kuma ba wurin ibada ba ne. Ba wanda za a ce ya shafi hoto ya shafa a fuska. Za a rataye aiki, a rubuta sunan mai zanen da garinsu, a gayyaci malami daga kowane ɓangare ya yi bayani, ɗalibai su yi tambaya. Ai ya fi gardamar da muke yi a hostel da Facebook, inda kowa ke zagin abin da bai taɓa tsayawa ya fahimta ba.

Akwai kuma abin gaggawa. Masu zanen hannu suna ƙarewa. Yanzu mai shago zai je wurin mai kwamfuta, a sauko da hoto daga intanet, a buga masa bana cikin awa ɗaya. Sai ka ga fuska iri ɗaya sak daga Kazaure har Daura, babu hannun kowa a ciki. Tsohon mai fentin da ya iya haɗa kala da ido, in ya rasu ya tafi da iliminsa, bangon ma ruwan damina ya wanke.

Ba sai da miliyoyi ba. Ɗaki ɗaya, kwana uku, wayoyin da ke aljihunmu. 'Yan Roni su ɗauko hotunan zanen garinsu, 'yan Gwiwa da Babura ma haka, da izinin masu shi. A kira masu fenti biyu ko uku su yi zane a gaban jama'a, a biya su haƙƙinsu. Wanda ba ya son zanen mutum, a ba shi ɓangaren zayyanar allo da rubutun Larabci.

A 1958, ɗalibai ne irinmu a kwalejin Zariya, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon zanen Turawa ba, za su koma ga na gida. Har yau ana karanta su a tarihin fasahar Nijeriya. Shugabannin ƙungiya, ga shawara nan. A sa ta cikin kasafin makon ɗalibai na bana.