Ƙaramin filin golf: darasin da ƙasashen tuddai ke koya wa Arewa

Wasan ƙwallon lambu, wato golf, ya daɗe a Arewacin Najeriya fiye da yadda mutane da yawa ke zato. A shekarar 1913, zamanin da haƙar kuza ke tashe, Turawa suka kafa filin Rayfield a Jos, bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku. Sanyin wurin da yawan ruwan samansa sun sauƙaƙa renon ciyawa. Duk da tsufan wasan, har yau ya tsaya a hannun manyan ma'aikata, hafsoshi da attajirai, kuma girman filin na daga cikin dalilan.

Cikakken fili mai ramuka 18 kan lashe hekta 50 zuwa 60, zagaye ɗaya kuma yakan ci sa'o'i huɗu. A yankunan duwatsu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ta da yawa, fasa dutse kuwa aikin kuɗi ne. Shi ya sa masu tsara filaye ke komawa ga gajeren fili mai ramuka tara, wanda ke bin kwari da gangare yadda Allah ya yi su. Tazarar kowane rami gajeriya ce, gwani na iya kai ƙwallo kusa da shi da bugu ɗaya. Ko inda babu duwatsu salon ya samu karɓuwa: filin The Cradle da aka buɗe a Pinehurst ta Amurka a 2017 bai wuce eka goma ba, ana kuma gama shi cikin kusan awa guda. Manufar ita ce rage kuɗin gini da na kulawa, da buɗe ƙofa ga yara da masu koyo.

Sakkwato ba ta da tuddai irin na Jos, amma tana da nata ƙangin, wato ruwa. Damina a Boɗinga da Shagari 'yan watanni ce, sauran shekara rani ne da zafi. Ruwan madatsar Shagari manoman rani da makiyaya ke dogaro da shi, don haka kashe shi wajen shayar da ciyawar wasa ba zai yi wa talaka daɗi ba. Tsofaffin filayen Arewa sun san maganin wannan tun da daɗewa: yashi da aka daddaɓe a kewayen rami a madadin ciyawa.

Tun da golf ya koma gasar Olamfik a 2016, ya zama wasan da matashi zai iya neman suna da abinci a cikinsa. Duk gwamnati ko ɗan kasuwar da ke son shigo da shi yankin, gara ya fara da ƙaramin fili na yashi a kan fako, kusa da makaranta, ya bar fadama ga masu albasa da shinkafa. Daidai ruwa, daidai tsaki.